Saƙon Matafiyi a Ƙasar Dandi: Daga Takardar Ayari zuwa Layi Uku a Aljihu

A shekarar 1996 wasu kayayyaki biyu suka shigo kasuwannin Amurka da Turai, suka ɗauke hankalin masu yawan tafiye-tafiye. Ɗaya ita ce Pilot, wadda daga baya aka fi sani da PalmPilot, 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu da ake rubutu a fuskarta da ɗan tsinke. Ɗayar kuwa Nokia 9000 Communicator ce, salula mai nauyin kusan giram 400 wadda ake buɗe ta biyu sai ga allon rubutu a ciki. Alkawarin da suka zo da shi guda ne, wato duk inda mutum ya sauka a duniya wasiƙunsa na imel za su riske shi. A wannan tsakanin, 1996 zuwa 1997, Nijar ke ɗaura igiyarta ta farko da intanet. Ƙasar gaba ɗayanta, har zuwa shekarar 2000, layukan tarho da take da su ba su wuce kimanin 20,000 ba, galibinsu a Yamai.

In da buƙata ake dubawa, da mutanen Dandi ne suka fi cancantar irin wannan kaya. Ga mutumin Yelu, ɗaya daga garuruwan Dandi a Nijar, zuwa ƙasar waje ba sai da jirgin sama ba. Gundumarsa ta yi iyaka da Najeriya ta gabas, kasuwar Kamba ta jihar Kebbi kamar kasuwar gida take a wurinsa. In ya gangara kudu ya isa Gaya, gadar da aka gina a 1958 ce kawai tsakaninsa da Malanbil ta ƙasar Binin. Mai rake daga Dallol Mauri ko mai gishirin Foga yana iya karya kumallo a Nijar, ya yi azahar a Binin, ya kwana a Najeriya. Duk da haka zamanin aika imel ta igiyar tarho ya zo ya wuce, bai ko yi sallama a Yelu ba. Dalilin hakan ya cancanci a bi shi daga tushe, domin matsalar da ta wahalar da ɗan kasuwar Turai a ɗakin otal a 1998 ita ce har gobe take wahalar da mai tsallaka gulbi da buhunan albasa.

Aika saƙo daga nesa tsohon aiki ne a wannan yanki. A ƙarni na 19, har ma kafin nan, ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja kan biyo ta Jega, su ƙetare Kwara a wajajen Ilo ko Gaya, su ratsa Borgu, su ya da zango a Zugu, su wuce Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Tafiya ce ta watanni. Madugu ba ya tashi sai da malamin ayari, mai duba ranar tashi, mai addu'a, kuma mai alƙalami. Wanda ke son sanar da gida cewa ya isa lafiya, ko jakai biyu sun mutu, ko goro ya yi tsada bana, sai ya zauna gaban malam ya faɗa, malam ya rubuta da Larabci ko ajami. Takardar ta bi ayarin da ke komawa. Adireshin bafatake kuwa mutum ne, wato maigidansa na zango. Shi ke sauke shi, shi ke sayar masa da kaya, shi ke ajiye masa saƙo har ya dawo. Wanda ya san sunan maigidan wane a Zugu, ya san inda zai same shi.

Mulkin mallaka ya kawo gidan waya, ya kuma kawo iyaka. Su biyun tare suka zo, kuma tun ranar suke tafe tare. Wasiƙar da aka jefa a Gaya zuwa Kamba, garin da mai keke zai je ya dawo a yini guda, wasiƙar ƙasa da ƙasa ce. Sai ta hau zuwa babban birni, ta ƙetara, sannan ta gangaro. Tarho ma haka: shekaru da dama kira tsakanin ƙasar da Faransa ta rena da wadda Ingila ta rena yakan bi ta Paris da Landan kafin ya dawo wa maƙwabci. Mutanen karkara ba su da akwatin gidan waya, sai su ari na lakwal ko na wani attajiri. A bakin gidan waya akwai marubucin wasiƙa da teburinsa. In amsa ta zo, ɗan lakwal ke karantawa a tsakar gida, sirrin miji da mata ya zama na kowa.

Shi ya sa da rakoda ta yawaita, daga shekarun 1970 zuwa na 1980, mutane suka rungume ta hannu bibbiyu. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da ɗan ci-rani a Kwatano, Lome, Akara ko Abijan ya san daren ɗaukar kaset. Bayan isha'i za a shimfiɗa tabarma, a sa sababbin batura, a kori awaki nesa. Maigida ne zai fara. Gaisuwa kaɗai sai ta ci wani abu daga kaset ɗin: ina gajiya, ina baƙunta, ina mutanen zango, a gai da wane da wane. Sannan labarin damina, wanda ya rasu, wadda ta haihu da sunan da aka raɗa. Sai uwa ta matso, ta ce, “Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, ka riƙe salla,” muryarta na rawa. Matar ɗan ci-ranin takan zo daga ƙarshe, ta yi magana ƙasa-ƙasa cikin kunya. Da safe a naɗe kaset cikin takarda, a rubuta suna, a kai wa direban da aka yarda da shi. Direban nan shi ne gidan waya, shi ne banki, domin a dawowa da amsa da kuɗi yake zuwa. Wannan hanya tana da jinkiri, amma ta dace da mutanenta. Ba ta neman ka iya boko, kuma mai saƙo yana jin muryar nasa.

Can a wata duniyar kuma, ana fama da igiya. Ya kamata a tsaya a bayyana yadda abin yake, domin yaran yanzu ba su gan shi ba. Matafiyi mai Palm, ko mai Psion, ta kamfanin Ingila wadda ke da ɗan allon rubutu kuma take aiki da batura biyu, yakan rubuta wasiƙunsa tun yana kan hanya ya adana su. Da ya isa masauki sai ya durƙusa ya leƙa bayan gado, yana neman inda igiyar tarho ta shiga bango. A nan wahala take farawa. Ramin Faransa da ƙasashen da ta rena dogo ne mai siffar harafin T, na Amurka ɗan ƙarami ne, na Ingila ma nasa daban. Don haka gogaggen matafiyi ba ya rabuwa da 'yar jaka cike da kawuna iri-iri, wasu har da sukudireba, saboda otal ɗin da aka manne igiyarsa a bango. Akwai kuma otal-otal masu na'urar rarraba kira irin ta zamani, waɗanda wutar layinsu kan ƙona modem ɗin mutum nan take.

In ya dace da rami, saura lamba. Kowace ƙasa da lambar da ake bugawa a shiga intanet. Kamfanoni irin su CompuServe, da iPass da aka kafa a 1996, suna ba abokan cinikinsu jerin lambobin birane, don mutum ya buga kiran cikin gari maimakon ya kira ƙasarsu. Ƙasar da ba ta cikin jerin kuwa, sai kiran ƙasa da ƙasa da tsadarsa. Zai sa 0 ko 9 a gaba don ya fita daga otal, ya sa waƙafi don na'urar ta ɗan dakata. In tsofaffin injuna ne a gidan wayar garin, waɗanda ba su jin sautin maɓalli sai ƙas-ƙas irin na tarho mai juyawa, dole ya sauya wannan ma. Daga nan modem ya soma kuka kamar gyare a daren damina, na kusan rabin minti, yana daidaitawa da ɗan'uwansa na can. Modem ɗin da ake maƙala wa Palm a 1997 gudunsa 14,400 ne a daƙiƙa bisa ma'aunin masu sana'ar, wato haruffa wajen 1,500. Nokia 9000 kuwa 9,600 take yi. In layi na da kyau, minti biyu sun isa a tura na turawa a kwaso na kwasowa. In wani ya yi rashin tunani ya haɗo hoto, ko iska ta kaɗa igiya a hanya, sai a sake daga farko, kuɗi na ta hawa.

A 1998 aka fito da wata dabara mai suna PocketMail, wadda a ganina ita ce ta fi kusa da halin da muke ciki. Ba ruwanta da rami a bango. Ka buga lamba a kowane irin tarho, ko na kan titi ne, ka manna na'urar a kan abin magana, ta yi tsuwa, na can ya amsa da tsuwa, wasiƙu su wuce ta cikin sauti. Da tarhon gidan waya na Gaya ma sai ta yi aiki. Amma kamfanin a Amurka yake, kuɗin wata kusan dalar Amurka 10, kuma da katin banki ake biya.

To a nan za a ga inda gizo ke saƙar. Kayan nan an ɗinka su ne a kan awon wani mutum daban, wanda duk inda ya kwana akwai igiya a bango, yana da katin banki a aljihu, kuma abokan hulɗarsa duka suna da adireshin imel. Mutumin Yelu bai cika ko ɗaya ba. Igiya sai manyan garuruwa, a ofisoshin gwamnati da gidajen 'yan tsiraru. Kuɗi kuwa, an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka. Pilot mafi araha dalar Amurka 299 ce, sama da jaka 150 a canjin lokacin, kafin a yi zancen modem. Sai rubutu. Palm tana da salon haruffanta da ake kira Graffiti, sai ka koye shi kafin ta gane hannunka, kuma haruffan boko kawai ta sani. Ba ta san ajami ba, ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Alhali har a 2005 manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar, bisa ƙidayar hukuma, ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. A ce ma an tsallake duk waɗannan, wa za ka rubuta wa? Maigidanka na Malanbil ba shi da imel, matarka a gida ba ta da shi.

Ban yarda da masu cewa mutanenmu ne suka makara ba. Ɗan kasuwar da ke riƙe da lissafin kuɗi iri biyu a ka, sefa da naira, yana jin Hausa da Dandanci da ɗan Faransanci da ɗan Turanci, ba za a koya masa amfanin labari ba. Ya auna kayan ne ya ga ba su biya.

Imel ya shigo Nijar ta hannun masu bincike. Cibiyar ORSTOM ta Faransa tana da wata hanyar aika wasiƙu tsakanin kwamfutocinta na Afirka, mai suna RIO, tun farkon shekarun 1990, Yamai na ciki. A 1997 aka raba hukumar gidan waya, ɓangaren tarho ya zama SONITEL, wadda ta riƙa ba da adireshi masu ƙarewa da intnet.ne. Wanda ke Gaya yana son kwaso wasiƙarsa, kiran nesa zai buga. In an ga 'yar kwamfutar hannu a yankin a lokacin, to a hannun baƙo ne, ɗan jarida, mai bincike ko ma'aikacin ƙungiyar agaji. Manyan 'yan kasuwar Gaya, masu shigo da gwanjo da motoci daga tashar jiragen ruwan Kwatano, fakis suka fi riƙewa, domin takardar kaya suke son gani da hatiminta. Talaka kuma telesantar yake zuwa, ya ba da lamba, ya shiga ɗan akurkin katako yana magana yana kallon agogo. Daga baya shagunan intanet suka buɗe, inda ɗalibi zai buɗe wa kawunsa akwatin Yahoo ko Hotmail, ya rubuta masa, ya karanta masa. Marubucin bakin gidan waya ne ya dawo a gaban kwamfuta.

Shekarar 2001 ce ta juya al'amari. A watan Janairu Najeriya ta yi gwanjon lasisin salula, kowane a kan dalar Amurka miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. A Nijar Celtel ta fara a wannan shekara, SahelCom da Telecel suka biyo baya, Orange ta shigo a 2008. Daga manyan birane eriya ta riƙa bin hanyoyin kwalta da manyan kasuwanni. Wannan karon ba a ce wa kowa ya saya ba. Salula ba ta son igiya, ba ta son katin banki, ana zuba mata kuɗi gwargwadon hali, kuma baki take so ba alƙalami ba. Wanda ba shi da ko sisi ma yana da dabara, ya buga ya katse, mai hali ya kira shi. A ƙauyukan da rezo bai kai sosai ba, kowa ya san tudun da ake hawa ko gindin giginyar da ake tsayawa. Caji kuma da batirin mota aka fara, sannan shagon mai janareto, sannan farantin hasken rana.

Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wasu kasuwanni suka samu rezo wasu ba su samu ba. Ta gano cewa inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake. A da sai ɗan kasuwa ya hau mota ya ɓata yini kafin ya san nawa ake sayar da buhun gero a wani gari, yanzu kira ɗaya ya isa. Ita ce kuma, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, ta gwada koyar da manya karatu da salula a jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, aka ga waɗanda suka koyi aika saƙon rubutu sun fi riƙe abin da aka koya musu. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna mutum yakan riƙe rubutu in yana da wanda zai rubuta wa.

Sai dai iyaka tana nan inda take. Salula ta raba mutane da igiya, ba ta raba su da lambar ƙasa ba: 227 a gida, 229 a tsallaken gada, 234 a Kamba. Ka shiga wata ƙasa da layinka, ko dai ya mutu, ko ka biya har kiran da aka yi maka. Wani lokaci ma ba ka je ko'ina ba, kana gonarka a bakin iyaka, wayar ta kama eriyar maƙwabta ta cinye maka kuɗi. Celtel ta ɗan share hawaye da tsarin da ta kira One Network, wanda ta fara a Kenya, Tanzaniya da Yuganda a watan Satumban 2006, ya iso Nijar da Najeriya a watan Nuwamban 2007. Mai layin Celtel ya je Kamba ko Birnin Kebbi ya amsa kira kyauta, ya sayi kati a can ya zuba. Amma Celtel, wadda ta koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, ba ta Binin. MTN tana Binin da Najeriya, ba ta Nijar. Moov tana Nijar da Binin. Kowane suna kusurwa biyu ya riƙe, ya bar ta uku. Wanda kasuwancinsa ke zagaya ukun fa? A watan Yulin 2007 ma gwamnatin Binin ta rufe manyan kamfanonin salula biyu na ƙasar kan rikicin kuɗin lasisi, har kusan wata biyu, masu hulɗa da Malanbil suka ga abin da ake nufi da dogaro da layi ɗaya.

Maganin da mutane suka samo wa kansu, duk wanda ya taɓa tsallaka gadar ya gan shi. Ana zuwa tsakiya sai ka ga dattijo ya ce wa ɗan kabu-kabu, “Yaro, dakata kaɗan.” Ya ciro waya, ya ɓamɓare murfin baya da farce, ya zare batir, ya zaro layin Nijar. Daga cikin hula, ko daga wata 'yar takarda da aka ninke sau huɗu, ya fito da na Binin ya sa. Wanda ya cire ya koma cikin takardar. Da wayar ta farfaɗo, kiran farko na maigidansa ne na kasuwa: “Alhaji, na shigo, kaya na baya.” Lambobi kuma suna cikin wani ɗan littafi da gumi ya jiƙa, wasu da boko wasu da ajami, kowane mutum da lamba biyu ko uku a gaban sunansa. Jakar kawunan igiya da Bature ke yawo da ita a 1998 ita ce ta ƙanƙance ta koma cikin hular dattijon nan. Kamfanonin China, irin su Tecno da itel, su ne suka lura da wannan, suka kawo waya mai layi biyu, wata uku, da tocila da rediyo da batir mai kwanaki. Nokia da ta mamaye kasuwa ta yi jinkirin gane haka, ta kuwa biya.

Ana cikin haka wata igiyar ta zo, wannan karon a ƙarƙashin ƙasa. Babbar igiyar teku ta SAT-3, wadda ta sauka Kwatano, ta fara aiki a 2002. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka ta haƙa rami ta binne igiya daga Yamai ta Doso zuwa Gaya, ta haɗu da ta Binin. A ƙarshen watan Yulin 2009 igiyar tekun ta samu matsala, intanet ya durƙushe a Binin, Togo da Nijar, Najeriya ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Abin da ke damuna a wannan babi shi ne, wasiƙun ma'aikatun Yamai da na bankuna sun shekara da shekaru suna wucewa ta ƙasar Dandi, ƙauyukan da ke gefen ramin ba su ga komai a ciki ba. Sai da 3G da wayoyi masu fuskar shafawa suka yi araha sannan rabon ya iso.

Da ya iso ma, ba ta ƙofar imel ya shigo ba. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, amma ranar da ta zama tamu ita ce ta watan Agustan 2013, da aka sa mata maɓallin da za ka danna ka yi magana ka saki. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta gane shi a zama ɗaya, domin ta san shi tun zamanin kaset. Gaisuwar ma ba ta ragu ba. Bambancin kawai, saƙon da kan yi mako a aljihun direba yanzu yana isa Abijan kafin ta ajiye wayar. Mai rake ya ɗauki hoton lodi ya tura, dillali ya faɗi farashi da baki, ɗan canji ya sanar da yadda naira ta kwana. Kuɗi kuma ya bi ta Nita ko Al Izza. Wani alherin da ba a cika ambata ba shi ne, WhatsApp ba ta damu da layin da ke cikin waya ba. Ka yi rajista da lambar Nijar, ka sa layin Binin ka sayi intanet, mutanenka za su same ka a inda suka saba. Wannan ne karon farko tun bayan maigidan zango da matafiyin Dandi ya samu adireshi guda da ba ya canzawa in ya ƙetare gulbi.

Imel ɗin fa? Yana nan wurin ɗalibai, ma'aikata da masu fitar da kaya a duwan. Sauran jama'a kuma kusan duk mai babbar waya yana da shi bai sani ba. Wayar Android tana neman adireshin Gmail kafin a sauke manhaja, sai yaron shago ya buɗe wa mai saye a tsaye, ya zaɓi suna da lambar sirri, bai rubuta masa ba. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, lambobin abokan ciniki na shekaru suna nan ajiye a akwatin, mai su ba shi da mabuɗi. Wannan gyaransa ba wuya, masu shaguna su riƙa rubuta wa mutane a takarda, su bayyana musu amfaninta.

Abin da mai shago ba zai iya gyarawa ba yana hannun gwamnatoci. A watan Disamban 2017 ƙungiyar ECOWAS, wadda aka fi sani da CEDEAO a Nijar, ta amince da dokar rage kuɗin amfani da layi a ƙasashen juna. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Gana da Kodebuwa ne suka fara a watan Yunin 2023, tsakanin Binin da Togo da Gana kuma ya fara aiki a 2024. A tsakanin nan iyakokin Dandi sun sha rufewa. Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, a watan da ta buɗe kuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, abin da ya jefa baƙi masu layin Najeriya cikin zullumi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar Malanbil, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma eriya da wayar hannu duka wuta suke ci. Jama'a suka koma kwale-kwale. A wannan hali waya ta zama ido da ƙafa: a kira a ji ko ana tsallakawa yau, nawa masu jirgi ke karɓa, ina kaya suka tsaya. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku suka sake tsinkewa a gaɓar Kodebuwa, Nijar da Binin da Najeriya duk suka ji a jika. Ran 30 ga Nuwamban shekarar Binin ta ƙara 01 a gaban lambobinta suka zama goma, masu ɗan littafi suka zauna gyara.

A watan Nuwamban 2024 hukumomin sadarwa na Nijar, Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan soke ƙarin kuɗin amfani da layi a ƙasashen juna tsakanin ƙasashen uku na ƙawancen AES, a watan Janairun 2025 kuma ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata. Yarjejeniyar abu ce mai kyau, ɗalibi a Wagadugu da direba a Bamako za su ci moriyarta, ina kuma murna da ita. Amma daga Yelu, Bamako tafiyar kwanaki ce, Kamba kuwa ta hantsi. Surukai, abokan ciniki da malaman mutanen nan suna kudu da gabas. Irin wannan yarjejeniya suke buƙata da Binin da Najeriya, kuma ban ga abin da zai sa ta jira sai shugabanni sun gama sasantawa ba. Aiki ne na hukumomi uku, ARCEP ta Nijar, ARCEP ta Binin da NCC ta Najeriya, tare da kamfanonin da suke sa wa ido. Sharuɗɗan ma ba sai an ƙirƙiro sababbi ba, suna cikin dokar 2017: matafiyi ya amsa kira kyauta har kwana 30, in shi zai kira kuma a caje shi kamar ɗan gari.